Renon ɗan kwikwiyo: daga haihuwa zuwa wata 3

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kare shi ne mai gadin garke da dare. Shi ke korar dila daga awaki, shi ke tsaron gida idan mun tafi gona. Amma kwikwiyo da yawa suna mutuwa tun ba su cika wata 2 ba, saboda yunwa, sanyi da tsutsar ciki. Ga abin da ya kamata mu sani.

Kwanakin farko

Ana haihuwar kwikwiyo ba ya gani, ba ya ji. Idonsa yana buɗewa tsakanin kwana 10 da 14. A ranar farko dole ya sha dakashi, wato nonon farko na uwarsa, domin shi ke ba shi kariya daga cututtuka. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi, don haka lokacin hunturu mu shimfiɗa masa tsumma ko buhu a wurin da iska ba ta bugawa. Kada mu raba shi da uwarsa kafin sati 8.

Idan uwar ta mutu

Mu nemi madarar kwikwiyo wurin likitan dabbobi. In ba ta samu ba, mu dafa nonon akuya, mu bari ya huce, mu kaɗa kwanduwar ƙwai a ciki. A satin farko mu ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowace awa 2 ko 3, yana kwance rub da ciki, kada ya shaƙe. Bayan ya sha, mu shafa ƙasan cikinsa da tsumma mai ɗumi, kamar yadda uwarsa ke lasarsa. In ba haka ba, ba zai iya fitsari da kashi ba.

Abinci

Daga sati 4 sai mu fara ba shi kunun hatsi da dafaffen ƙwai ko dakakken nama. Bayan yaye ya ci sau 4 a yini, da ruwa mai tsabta kusa da shi. Tuwo kaɗai ba ya gina ƙashi. In ya amsa kira, mu saka masa da ɗan guntun dafaffen nama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada mu ba shi albasa, tafarnuwa, goro ko shayi: guba ne a jikinsa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda masa hanji. Huhu ko hantar dabba mai ƙurajen ruwa kuma, mu binne su da zurfi, domin ta nan kare ke ɗaukar tsutsar da ke kama mutane.

Magani da allura

Kwikwiyo yakan ɗauki tsutsa tun daga cikin uwarsa. Mu ba shi maganinta daga sati 2, mu maimaita bayan kowane sati 2 har ya kai wata 3. A wata 3 mu kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar ciwon haukan kare.

Wannan ciwo, da zarar alamunsa sun bayyana, ba ya da magani, kuma yara ya fi kamawa domin su ke wasa da karnuka. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da kwikwiyo ne, mu wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, mu kai shi gidan likita a ranar. Kada mu jira.

Rigakafi ya fi magani.