Kalma Ɗaya Ta Kusa Ja Mini Asarar Maki

Da na gama SIWES na wata huɗu a wani wurin gyaran janareto, sai na zauna rubuta rahoto. A sashen matsaloli na rubuta: "We came up with many problems during the installation." Ni a raina na zuba Turanci. Ranar kare rahoto, malamin da ke duba ni ya karanta jimlar a fili, ya ɗago kai ya ce, "To malam, ashe ku ne kuka ƙirƙiro matsalolin?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini. Allah Ya taimake ni ya ce in gyara in dawo da shi washegari.

Abin da na so faɗa shi ne "came up against". Ma'anar "come up against" ita ce cin karo da cikas ko adawa, abin da ya tare maka hanya. Shi kuwa "come up with" yana nufin ƙirƙiro dabara ko samo mafita. Ka ga kalmar ƙarshe kaɗai ce ta bambanta, amma ma'ana ta juye gaba ɗaya.

Ga yadda nake tunawa yanzu. In an ce Kano Pillars "against" Enyimba, ai karawa za a yi. To duk inda ka ga "against", akwai abin da ke gabanka yana ja da kai. Misali:

"We came up against a shortage of spare parts." Wato mun yi karo da ƙarancin kayan gyara.

"Our supervisor came up with a solution." Wato mai kula da mu ya samo mafita.

A kula da abu biyu. Na farko, kalmomin nan uku ba a raba su, kuma abin da ya tare ka yana zuwa ne bayan "against". Na biyu, "come" kaɗai ke sauyawa da lokaci: "came" in abin ya wuce, "have come" in har yanzu yana shafar ka.

Akwai kuma "run into", wanda shi ma ana cewa "we ran into trouble". Sai dai shi yana iya nufin haɗuwa da mutum ba zato, kamar ka yi kiciɓis da tsohon abokinka a kasuwa.

'Yan uwa masu shirin rubuta rahoton SIWES ko furojet, don Allah ku buɗe sashen matsalolinku yau ku duba. In kun ga "with" a inda "against" ya dace, ku gyara tun kafin malam ya karanta muku a gaban aji.