Jarirai Cikin Bangaskiya

Ya mai karatu, ka taɓa ganin yaro ɗan shekara goma goye a bayan uwatasa, yana kukan nono? Kadan ka gani, za ka ce lalle akwai ciwo. Gama bisa ga al'adarmu, yaro ya kusa shekara biyu sai a yaye shi, a kai shi wurin kakatasa, a koya masa kunu da tuwo. Ya kan yi kuka kwana biyu, kāna ya saba. Amma cikin ikklisiya akwai waɗanda aka yi musu baftisma tun shekara goma, har wa yau ba a yaye su ba.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Manzo Bulus ya zauna Korinti shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa (Ayyukan Manzanni 18:11), duk da haka sa'anda ya rubuta musu, jarirai ya kira su (1 Korintiyawa 3:1-4). Ka lura da shaidar da ya kawo. Ba rashin sani ba ne, gama a farkon wasiƙar ya yabi iliminsu da iya maganarsu. Abin da ya gani kishi ne da husuma, wannan yana jingina ga Bulus, wancan ga Afolos. Ashe mutum ya iya haddace aya ɗari, ya zauna sahun gaba kowace Lahadi, yana nan jariri.

Kowane manomi ya san wuta-wuta. Tun ba ta fito fili ba ta kan kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa, tana shan ƙarfinta. Ruwa ya sauka, rana ta fito, dawa kuwa tana nan a tsumbure, mai gona yana mamaki. Hakanan ƙullin zuciya yake, da bashin da mutum ya ƙi biya, da layar da ya ɓoye cikin ɗaki domin tsoro. Wa'azi yana sauka a kansa mako mako, wani abu yana shanyewa daga ƙasa.

Ƙaƙa fa bangaskiya ke girma? Da fari sai da abinci, gama daga jin Maganar take fitowa (Romawa 10:17). Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Wanda ya zauna da yunwa yau, shi ya so. Amma ci kaɗai ba ya ƙarfafa ƙafa. Ibraniyawa 5:14 ta nuna manya su ne waɗanda hankalinsu ya horu ta wurin yi yau da gobe, har suna rarrabe nagarta da mugunta. Yaro ba ya koyon tafiya a goye. Aya ɗaya da ka aikata a kasuwa, sa'anda kana iya rage mudu ba mai gani, ta fi sura goma da ka karanta kana gyangyaɗi.

Ka karanta Matta 5:23-24 a daren nan. Ubangiji Yesu ya sa sulhu gaba da baiko. Kadan sunan wani ya faɗo maka a rai kana cikin karatu, ko ɗan'uwa ne da kuka yi faɗa a kan iyakar gona, kada ka jira shi ya fara zuwa. Kafin Lahadi ka tafi ka yi sallama a ƙofar gidansa.