Faɗuwar da aka ce farfaɗiya ce

Takardar da aka turo ta da ita ɗakin EEG, wato awon ƙwaƙwalwa, ta ce farfaɗiya. Matashiya ce daga wani ƙauye kusa da Toranke, a ƙaramar hukumar Ajingi, ta zo da mijinta da uwar mijin. Ta tsefe kitso tun daga gida, amma man kai ya hana wayoyi kamawa, sai da muka wanke. Minti talatin muka yi: rufe ido, buɗe ido, numfashi da sauri, fitila mai walƙiya. Layuka tsaf. Kyawun EEG ba ya wanke mutum daga farfaɗiya, don haka na jawo kujera na ce, Malama, yaushe kike faɗuwa?

Sau uku ne a rayuwarta. Ranar rigakafi a firamare, ranar da aka yanka ragon layya a gabanta, sai ranar awon cikinta na farko da aka zo ɗibar jini. Gumi ya karyo mata, kunne ya toshe, duhu ya rufe ido, ta sulale. Kafin minti ɗaya ta farfaɗo, ta san kowa. Ba cizon harshe, ba kumfa. Shekara biyu ana jigila da yarinyar nan, ba wanda ya yi mata wannan tambayar.

Bayan faɗuwar awo, uwar miji ta ce iska ce, aka yi ta hayaƙin barkono. Sai wani mai kwamfuta ya sauka ranar kasuwa, ya ba ta ɗan ƙarfe ta riƙe a tafin hannu, nan take ya fitar da takarda wai ƙwaƙwalwarta ta taɓu. Mai kemis ya ɗora ta kan phenobarbital ba takardar likita. Haka ta sha shi da ciki. Awo kuwa ba ta koma ba, don can allura take. A gida ta haihu, jini ya ɓalle, ɗan bai zo da rai ba. Rai na Allah ne, amma watanni shida ba a duba jininta ko sau ɗaya ba.

Mijin ya zaro takardar mai kwamfutar daga aljihu, ta yi laushi don ninki, ya ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ce fa ta faɗa." Nan raina ya ɓaci.

Tun 1924 Hans Berger ya ɗauki EEG na farko a jikin mutum a Jamus, kuma har yau a fatar kai muke manna wayoyi. A ɓangaren cutar tsoro irin tata kuwa, a 1995 Barbara Rothbaum da abokan aikinta a Atlanta ta Amurka suka nuna tabarau na VR yana rage tsoron hawa sama. A 2018 Daniel Freeman a Oxford ya gwada shi kan mutum 100, na'urar da kanta take jagorantar zaman, tsoron ya ragu sosai. Yanzu masu bincike suna ɗora hular EEG ko fNIRS ƙarƙashin tabaran, suna kallon yadda gaban ƙwaƙwalwa ke aiki lokacin da mai tsoro yake fuskantar abin tsoronsa. Amygdala, sashen da ke da alaƙa da tsoro, tana can ciki, hular ba ta kai gare ta sosai, sai fMRI. Duk da waɗannan kaya, da baki suke gane cutar tsoro, da tambaya da sauraro. To ƙarfe a tafin hannu me zai gani?

Ba kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba. Tsoron jini da allura yana saukar da bugun zuciya da hawan jini, mutum ya sume, kuma yana da magani. Ƙarfen kasuwa ba ya ganin ƙwaƙwalwa.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah, phenobarbital ba panadol ba ne. Wanda ya daɗe a kansa kuma kar ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Ma'aikatan awo, mace ta ce tana suma in ta ga allura, ku kwantar da ita kafin ku ɗiba, ku daina ce mata raguwa. Hayaƙin barkono yana ƙona huhu. Maza, ku raka matanku awo. In faɗuwa ta maimaitu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai asibitin Malam Aminu Kano. Kuma ina sake faɗa, kar ku miƙa hannu ga mai ƙarfen nan, ko kyauta ne.

Ba mu da tabarau, sai muka bi tsohuwar hanya. Na koya wa matashiyar ɗaure tsokokin hannu da ƙafa da ƙirji na daƙiƙa 15, ta saki, sau biyar, dabarar da Lars-Göran Öst na Suwidin ya fito da ita. Zama na farko hoton sirinji a wayata kawai ta iya kallo, tana runtse ido. Na uku ta riƙe shi da murfinsa. Makon jiya aka ɗebi jininta tana kwance, uwar mijin na riƙe da ƙafarta tana cewa sannu 'yar nan. Ba ta suma ba. Jinin ya yi ƙasa ƙwarai, an ɗora ta kan maganin ƙarin jini, za ta dawo bayan sati huɗu.