Sandar neman dukiya a ƙarƙashin ƙasa

Mai karatu, ka taɓa jin labarin tulun kuɗi? Kusan kowane gari da nashi labarin. Ana cewa mutanen dā, in yaƙi ya taso, sai su zuba dukiyarsu cikin tulu, su binne, su gudu. Wasu ba su komo ba. To, ina tulun yake? Nan ne masu sanda suke shigowa.

Wannan sana'a ta daɗe a ƙasashen Turai. Mutum ya sari gwafa, ya kama ƙafafunta biyu, kowace a hannu ɗaya. Ya riƙa tafiya sannu-sannu. Can sai ka ga bakin gwafar ya sunkuya ƙasa. Ya ce: "Ku gina nan." Wani wayar ƙarfe biyu yake riƙewa. Wani kuwa zare ne da zobe. Faransawa suna ce ma irin wannan mutum sursiye, wato mai neman ruwa. Amma ba ruwa kaɗai suke nema ba, har da zinariya da azurfa da tsofaffin kuɗi.

Gardama a kansu ba ta yau ba ce. A shekara ta 1556 an buga littafin wani likita na ƙasar Jamus, sunanshi Agirikola, a kan haƙar ƙarfe. A ciki akwai hoton mutane da gwafa a hannu. Shi kanshi bai yarda da abin ba. A ganinshi, mahaƙi na ƙwarai alamun ƙasa da na duwatsu yake dubawa.

Ga wani labari na ƙasar Faransa. A 1692 wani manomi, Jak Emar, ya yi suna ƙwarai. An kashe mata da miji a garin Liyon. Emar ya bi sandarshi har ta nuna wani saurayi, aka kama saurayin, aka kashe shi. Ka ji fa, ran mutum ya tafi a kan motsin icce! Daga baya wani babban ɗan sarauta, Yarima Konde, ya kira Emar birnin Paris. Ya sa aka gina ramu cikin lambu. Wani aka sa zinariya da azurfa, wani duwatsu, wani ba a sa komi ba. Aka rufe su. Emar ya zo da sandarshi, ya wuce inda dukiya take, ya nuna inda babu. Kunya ta kama shi.

Masu sanda na yau suna da amsa. Suna cewa: "Mu dai mun gani da idonmu. Sanda tana motsi, ba mu ne muke motsa ta ba." Kada ka yi saurin ce musu maƙaryata. Da yawansu da zuciya ɗaya suke faɗi. Sandar tana motsi, wannan gaskiya ne. Abin tambaya shi ne, wa yake motsa ta?

Masana sun daɗe da gane wannan. A 1852 wani likita na Ingila, Kafinta, ya yi bayaninshi. In mutum ya sa ran abu zai motsa, hannunshi yakan motsa kaɗan-kaɗan, shi bai sani ba. Gwafa kuwa an riƙe ta a ɗame, kamar baka da aka ja. Ɗan motsi kaɗan ya isa ta faɗi ƙasa.

Sai masu sanda su ce: "To, rijiyoyin da muka nuna aka samu ruwa fa?" Nan ma a yi hankali. A wurare da yawa ruwa yana shimfiɗe ƙarƙashin ƙasa, ƙauye guda duka. Duk inda ka gina, in ka yi nisa za ka tarda shi. Kuma tsoho wanda ya shekara talatin yana ginar rijiya ya san fadama, ya san itacen da ke son ruwa. Idonshi ne ke aiki, sanda ta ɗauki yabo. Ga wani abu kuma: ramin da aka dace kowa yana tuna shi, ramu goman da aka bari ba mai zancensu.

Don a kashe gardama sai aka yi gwaji. A garin Munik na Jamus, a 1987 da 1988, an tara masu sanda wajen 500. Aka zaɓi 43 da aka ga sun fi. Aka sa bututun ruwa a ƙasan wani soro, su kuwa suna bisa, su nuna inda yake. An gwada sau 843. Masu gwajin suka ce mutum 6 sun nuna gwaninta. Amma wani masani na Amurka, Enrait, ya sake duba lissafin. Ya nuna cewa sa'a ce kurum, don wanda ya dace yau gobe sai ya ɓata. Wani ɗan dabo kuma, James Randi, ya yi alkawarin dalar Amurka miliyan 1 ga duk wanda ya ci irin wannan gwaji. Masu sanda sun zo da yawa. Har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ɗauka.

Kada ka ce wasa ne na Turawa. Wani ɗan Ingila, Makomik, ya sayar da wata na'ura mai suna ADE 651. Ya ce tana gano bom. Ashe sandar nan ce aka yi ma kwalliya: ɗan ƙarfe mai juyawa a kan mariƙi, ba komi ciki. Iraki ta saya da yawa, aka sa a shingayen hanya, bom yana wucewa. Nijar ma tana cikin ƙasashen da aka sayar ma. A 2013 kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 10.

Amma kada ka haɗa sanda da na'urar gano ƙarfe, irin wadda ƴan zinariya suka kai Jado a 2014. Ita wannan da batir take aiki, kuma ko wa ya riƙe ta za ta yi kuka a kan ƙarfe. Sai dai ba ta jin abin da ya yi zurfi ƙwarai.

To, in wani ya zo garinku ya ce akwai tulu a gonarka, ka ba shi jika hamsin ya nuna maka, ga abin yi. Ka nemi ƙwarya 10, ka kife su a fili. Yaro ya sa dala ƙarƙashin guda, ba wanda ya gani, sannan ya bar wurin, don kada fuskarshi ta tona. Mai sanda ya zo ya nuna. Ku yi haka sau 20, kana rubuta kowane a takarda, tunda yanzu ka iya rubutu. Ko makaho ya yi ta zaɓe, zai dace wajen sau 2. In mai sanda bai wuce nan da nisa ba, ka riƙe kuɗinka, ka bar akuyarka a turke.