Ɗalibi da Abokan Zamansa: Jan Kunne ga Iyaye da Malamai

Tun ranar 26 ga Yunin 2021, da aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye na hukumar NDLEA ƙarƙashin Janar Buba Marwa mai ritaya, ake ta shiga makarantu da masallatai ana jan kunnen matasa. Wannan aiki ne na alheri, Allah ya saka wa masu yin sa. Sai dai yawancin jawaban da ake yi a kan ƙwayar suke tsayawa, a faɗi sunanta da illarta da hukuncin wanda aka kama da ita. Ba a cika tambayar hannun da ya fara miƙa wa yaro ita ba, balle a bincika abin da ya sa ya karɓa. Wannan takarda a kan haka take, musamman game da 'ya'yanmu da ke manyan makarantu.

Kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, yawancin masu neman ilimi mai zurfi daga ƙasar Ringim Kano suke nufa, ko Zariya. Yau ga Kwalejin Ilimi da Nazarin Shari'a a nan Ringim, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga kwalejoji a Gumel da Kazaure da Haɗeja. Ni'ima ce babba. Amma a kowane sabon zango ana raba dubban yara 'yan shekara 17 zuwa 20 da gidajensu, daga Taura da Garki da Babura da ƙauyukansu, a kai su inda ba su san kowa ba.

Duk manomin rani a fadamar kogin Haɗeja ya san halin dashe. Ana renon irin tumatir ko na albasa a gado ɗaya, a cunkushe, kowane tsiro yana cikin inuwar ɗan'uwansa, ana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Ranar da aka tumɓuke shi aka kai shi fili, ko da ƙasar ta fi ta gadon kyau, sai ya yi yaushi ya kwanta, har wanda bai san noma ba ya ɗauka ya mutu. Manomin kirki ba ya dasawa da tsakar rana, ba kuma ya juya baya ya tafi kasuwa ya ce ai na dasa. Kwanakin farko nan ne yake tsare gonar, ya kora ruwa, ya duba wanda ya kama da wanda ya ƙi, ya tallafi wanda iska ta kwantar. Ya san saiwar da aka raba da ƙasarta ba ta zaɓen ruwa, duk wanda ya fara isa gare ta shi za ta sha, mai kyau ne ko na kwata. To haka ɗalibin ajin farko yake. Jiya yana da uwa mai lura da ko ya ci abinci, da kawu mai tsawata masa, da limamin da zai tambaya idan bai gan shi a sallar asuba ba. Yau yana ɗakin haya, zai iya kwana uku a kwance ba wanda ya ɗaga labule.

A irin wannan hali miyagun abokai suke samun sa. Ba sa zuwa da kwalba a hannu. Da fara'a suke zuwa, su ce taho mu ci abinci, su ranta masa kuɗin takardun darasi, su ba shi wurin zama a majalisarsu. Sai ya saba, sai ya zama ba shi da wasu mutane in ban da su, sannan wata rana a zuba kodin a lemo a ce ɗan kurɓa, yana rage tunani. Lokacin jarrabawa a ba shi tiramol a ce yana hana barci, karatu zai zauna. Yaron ya san haramun ne, an koya masa tun a Islamiyya. Abin da ke masa wuya shi ne ya ce a'a ya koma zaman kaɗaici. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu mu duba wanda muke abota da shi, domin mutum yana bin tafarkin abokinsa.

Kada wani ya ɗauka abin na nesa ne. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin kimanin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken ƙasa da aka fitar a farkon 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da su. An hana kodin, amma ba a cike gurbin da ya sa yaro ya nemi kodin ba, shi ya sa aka koma wa ƙwayoyi da wiwi. Ƙwaya kuwa tana ƙara ciwon da aka sha ta dominsa. Barci ya lalace, karatu ya tsaya, a faɗi jarrabawa, a ɓoye wa gida, bashi ya taru, tsoro ya ƙaru, a ƙara sha. Wasu daga nan sai taɓin hankali sosai.

A nan dole a faɗa wa iyaye gaskiya ko da ɗaci. Uban da ya biya kuɗin makaranta ya ɗauka ya sauke nauyi, ya yi kuskure. Akwai mai zuwa Dutse ɗaurin aure ko neman kwangila, ya dawo bai leƙa ɗakin ɗansa ba. Akwai wanda bai san sunan abokin ɗansa ko ɗaya ba, in ya kira waya kuma tambayarsa ɗaya ce, kuɗin sun ƙare ne? Ranar da aka koro yaron sai a ce asiri aka yi masa, ko a ɗora wa malamai. Kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi kiwon da aka ba shi. Zumunci a ƙafa yake, har da tsakanin uba da ɗansa.

Akwai sauran hanyoyin da rashin mutane ke cutar da ɗalibi. Wayar hannu na sa yarinya ta raba dare a TikTok tana gwada rayuwarta da ta wasu, ta tashi da ƙunci. Soyayyar da ta watse na kwantar da wasu. Talauci na sa wani ya ƙaurace wa 'yan ajinsu don kunyar sutura. Yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022 ya bar da yawa zaune a gida ba karatu ba sana'a. Ko a Amurka, babban likitan gwamnati ya yi gargaɗi a 2023 cewa kaɗaici ya zama annoba.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Mai surutu ya yi tsit, mai zuwa jam'i ya daina, ko ya bar wanka da cin abinci, ko fushi ya yi masa yawa, ko ya riƙa cewa ya gaji da duniya. Wannan kalma ta ƙarshe kada a ɗauke ta wasa, kada kuma a bar mai faɗin ta shi kaɗai. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai ibada da wanda ba ya yi. A yi addu'a, a kuma nemi magani, domin addini ya umarce mu da neman sa. Ɗaure yaro da mari ba magani ba ne, mun ga abin da aka tarar a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya. Ana iya farawa daga asibitin makaranta ko Babban Asibitin Ringim, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure da na Dawanau a Kano.

Ƙungiyoyin ɗalibai na gari da na addini su riƙa tarbar sababbi tun makon farko, kafin wasu su riga su. Malamai su tambayi wanda suka daina gani a aji. Ku kuma iyaye, kafin wannan zango ya ƙare ku je ku ga inda 'ya'yanku suke kwana, ku san waɗanda suke ci da sha tare da su.