Darasi Don Iyali: Makiyayi, Koyote Da 'Ya'yan Da Ke Cikin Rami

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka, Kanada da Meziko akwai wani naman daji da ake kira koyote. Dangin kare ne, kamanninsa da wayonsa kusan irin na dila ne, sai dai yawanci ya ɗan fi dila girma. Yana cin ɓeraye, zomaye, 'ya'yan itatuwa da mushe, amma idan ya sami hanya yakan faɗa wa garken tumaki. Saboda haka makiyayan yammacin Amurka sun fi shekara ɗari suna yaƙi da shi. A cikin wannan yaƙi akwai aiki guda da ya raba kan mafarauta da makiyaya: kashe 'ya'yan koyote tun suna cikin rami. Tambayar ta dace da iyalin Kirista, domin ta shafi iko da tausayi, da kuma iyakar abin da mutum zai yi don kāre abincin gidansa.

Yadda Abin Yake Faruwa

Koyote yakan zauna da mace ɗaya, su biyun su riƙe yanki guda. Macen tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta haihu a cikin rami wajen watan Afrilu ko Mayu, sau da yawa 'ya'ya biyar zuwa bakwai. A daidai wannan lokaci ne tumaki suke tare da ƙananan 'ya'yansu a makiyaya. Iyayen da ke ciyar da baki shida suna bukatar nama mai yawa, ɗan tunkiya kuwa ba shi da gudu balle ƙaho. Shi ya sa asarar makiyayi take yin tsanani a waɗannan watanni.

Sai mai farauta ya bi sawun iyayen har zuwa ramin. Ko dai ya haƙo 'ya'yan ya kashe, ko ya kunna wani abu mai fitar da hayaƙi mai guba, ya jefa ciki, ya toshe bakin ramin. Tun dokar shekarar 1931 gwamnatin Amurka take da ikon yaƙar namun dajin da ke ɓarna, kuma ma'aikatanta sukan kashe dubban koyote a kowace shekara ta hanyoyi dabam-dabam. A 1972 Shugaba Richard Nixon ya hana amfani da guba wajen kashe irin waɗannan dabbobi a filayen gwamnati. A 1979 Sakataren Harkokin Cikin Gida, Cecil Andrus, ya dakatar da kashe 'ya'ya a rami, amma gwamnatin Ronald Reagan ta maido da aikin.

Hujjar Makiyayi

Ba daidai ba ne a ɗauki makiyayin a matsayin azzalumi. Tumakin su ne kuɗin makarantar yaransa, wanda kuwa ya taɓa wayewar gari ya tarar da ɓarnar kura ko dila a garkensa ya san zafin abin. Akwai kuma shaida a gefensa. Wani bincike da Till da Knowlton suka wallafa a 1983, wanda aka yi a Jihar Wayomin, ya nuna cewa idan aka kawar da 'ya'yan kaɗai, aka bar iyayen, kisan tumaki yakan ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Dalili a fili yake: da zarar babu masu kukan yunwa a rami, iyayen sai su koma kan ɓera da zomo.

Akwai hujja ta biyu mai nauyi. Idan aka harbe iyayen a lokacin goyo, aka ƙyale ramin, 'ya'yan za su yi kwanaki suna mutuwa da yunwa. Mafarauta da yawa suna ganin cewa wanda ya kashe uwa, wajibi ne ya nemi ramin ya gama aikin da sauri, domin barin su ya fi kashe su mugunta.

Hujjar Masu Ƙin Aikin

Wasu mafarautan kuma suna riƙe da ƙa'idar da ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa tare da abokansa a 1887, ta daɗe tana koyarwa: a bai wa dabba damar tsira. Kwikwiyon da idonsa bai daɗe da buɗewa ba, ba ya gudu, ba ya cizo, bai kuma taɓa kashe tunkiya ba. A wurinsu wannan ba farauta ba ce. Maganin mutuwar marayu da yunwa, in ji su, shi ne a ajiye bindiga a watannin goyo, sai fa inda ɓarna ta tabbata.

Masana sun ƙara da wani abu. Inda aka tsananta kashe koyote, abinci yakan wadaci waɗanda suka rage, matan su haifi 'ya'ya fiye da dā, baƙi kuma su shigo su cike gurbi. Wani lissafi na 1975 ya nuna cewa sai an riƙa kashe fiye da kashi 70 cikin 100 kowace shekara, shekaru masu yawa a jere, kafin a iya ƙarar da su. Tarihi ya gaskata wannan: dabbar da asalinta ke filayen yamma ta bazu zuwa dukan jihohin Amurka in ban da Hawayi, har tana zaune a cikin birane irin su Cikago.

Abin Da Littafi Mai Tsarki Ya Nuna

Maganar Allah ba ta haramta kāre garke ba. Dawuda ya ba Sarki Saul labarin yadda ya kashe zaki da wani mugun naman daji sa'ad da suka ɗauke ɗan rago (1 Sama'ila 17:34-36). Amma a lura: dabbar da ta kawo hari ita ya bi. Bai zagaye jeji yana neman ramuka ba.

Shari'ar Musa kuma ta kafa iyaka. Wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu an yarda ya ɗauki 'ya'yan, amma dole ya saki uwar (Maimaitawar Shari'a 22:6-7). An hana yanka dabba da ɗanta a rana ɗaya (Littafin Firistoci 22:28). Waɗannan ayoyi ba su ce ran ɗan dabba daidai yake da na mutum ba. Abin da suka koyar shi ne, a ɗauki gwargwadon bukata, kada a shafe iri. Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun adali, Ayuba 38:39-41 kuwa ta nuna Ubangiji da kansa yana lura da yunwar 'ya'yan zaki da na hankaka. Ikon da aka ba mutum a Farawa 1:28 ikon wakili ne, wakili kuwa zai ba da lissafi.

Hanyar Da Ta Fi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tun ƙarshen shekarun 1970 makiyayan Amurka suka fara kiwon manyan karnukan tsaro waɗanda ke girma tare da tumaki. Wasu suna sa jaki ko lama a cikin garke, wasu suna kewaye makiyaya da waya mai lantarki, ko su shigar da masu sabuwar haihuwa ɗaki da dare. A Jihar Yuta, binciken Bromley da Gese na 2001 ya nuna cewa koyoten da aka yi wa aikin hana haihuwa sun ci gaba da riƙe yankinsu, amma kisan 'ya'yan tumaki ya ragu ƙwarai.

Saboda haka mai bi yana da ma'auni huɗu. Ya tabbatar akwai ɓarna ta gaskiya. Ya gwada hanyoyin da ba na kisa ba tukuna. In kisa ya zama tilas, ya nufi mai ɓarnar, ya yi shi da sauri ba tare da azabtarwa ba. Kada kuma ya mai da shi abin wasa ko fahariya a gaban yara, gama yaron da ya koyi dariya a kan wahalar dabba yana koyon taurin zuciya ne.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin abin da Dawuda ya yi da kashe 'ya'ya a rami?
2. Idan mutum ya riga ya kashe uwar, me tausayi ya bukaci ya yi da 'ya'yan?
3. Yaya iyaye za su yi wa yaron da ya kawo 'ya'yan tsuntsu gida daga sheƙa?

A rufe da addu'a domin makiyaya da manoma, a roƙi Ubangiji ya ba su tsaro ga dukiyarsu da zuciya mai jinƙai ga halittarsa.