'Ya'yana, Ku Kalli Ingrid da Idon Tausayi

'Ya'yana, akwai wani fim na Amurka da nake so ku kalla cikin natsuwa, amma ba a gaban ƙananan yara ba, don akwai shaye-shaye da maganganun da ba su dace da kunnensu ba. Sunansa Ingrid Goes West. Matt Spicer ne ya ba da umarni, ya fito a 2017. Ba manyan kamfanonin Hollywood ne suka shirya shi ba, amma ya ci kyautar rubutun labari a bikin fina-finai na Sundance.

Aubrey Plaza ce ta fito a matsayin Ingrid, budurwar da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gadon kimanin dala dubu 60. Ta ga wata Taylor a mujalla, ta bi shafinta na Instagram, ta yi mata magana a ƙarƙashin wani hoto. Taylor ta ɗan amsa. Shi ke nan fa, Ingrid ta zuba kuɗin a jakar goyo ta nufi Los Angeles, inda Taylor take. Gidan abincin da Taylor ke zuwa, nan take zuwa, ta sayi abin da ta gani a hoto, ta kai baki ta tofar. Ta rina gashinta irin nata. Har karen Taylor ta sace, ta mayar kamar tsintarsa ta yi, don kawai a buɗe mata ƙofa.

Za ku ce mahaukaciya ce. Ku yi a hankali da wannan hukunci. Abin da ta yi laifi ne, bibiyar mutum a ɓoye cutarwa ce, ba zan wanke ta ba. Amma ku dube ta zaune ita kaɗai a gidan uwarta, idanu sun kumbura, yatsa na ta dangwalar hotunan mutanen da ba su san da zamanta ba. Maraici ne ke cin ta, kuma babu wanda ya zauna kusa da ita. Mu ma nan, bayan an yi sadakar bakwai an naɗe tabarmi, kowa kama gabansa yake yi. In kuna da ƙawa ko ƙanwa da aka yi wa rashi, kuka ga ta rungumi waya dare da rana, ku je ku same ta, ku ci abinci tare.

Ke kuma mai ɗora hoton duk inda kika taka, ki lura cewa Taylor da hannunta ta nuna wa Ingrid hanya. Ki bari sai kin bar wuri tukuna.

Ƙarshen fim ɗin ne ya fi tsaya mini a rai. Asirin Ingrid ya tonu, ta ɗauki kanta a bidiyo tana kuka, ta yi yunƙurin kashe kanta. Dan, mai gidan hayarta da ke sonta da gaske, shi ya yi sanadin cetonta. Ta farka a asibiti, yana gefenta, sai ta nemi wayarta. Dubban baƙi sun turo saƙon ƙauna, ta yi murmushi. Wannan murmushin ya ba ni tsoro ƙwarai, domin a ganina Ingrid ba ta warke ba, ciwon ne ya sami sabon abinci.